Farfesun naman sa a hunturu: nama ya ƙi laushi, romo ya tsinke, ina kuskuren yake?

Maman Sadik, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina kwananmu, ya muka ji da sanyi? Don Allah taimako nike nema. Jiya da hazon nan ya sauko, tun la'asar ba a hango ƙarshen layinmu, maigidan ya shigo da nama kilo ɗaya da rabi, ya ce shi dai romo yake so mai zafi saboda murar da ta kama shi tun Juma'a. Naman jajir, tsoka zalla, ba kitse ba ƙashi, har na yi murna da na kwance ledar. Na wanke, na yanka ƙanana, na zuba ruwa ya sha kanshi sosai, na sa albasa da attarugu da citta da magi, na ɗora bisa gas na buɗe wuta don in gama kafin isha'i. Ya fi awa ɗaya yana tafasa. Da na sauke, naman ya ƙanƙance ya yi tauri, in ka tauna sai ya riƙa rabuwa zare-zare yana maƙalewa a haƙori. Romon kuma tsararo, yaji kawai ake ji. Yara romon suka sha da burodi suka bar naman. Maigidan bai ce komai ba, amma na ga ya bar rabin kwano, kuma abin ya tsaya mani a rai, don na san yadda aka yi aka sayo naman nan. Surukata za ta zo daga Mani ranar Asabar, ina so in sake yi. Ku faɗa mani inda na kuskure.

Hajiya Indo, Rafindaɗi:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba maigidan lafiya. Tun daga inda kika ce kin buɗe wuta na gane inda aka samu matsala. Naman sa ba ya son a kore shi da wuta. In ya yi tafasar farko kika kwashe kumfar, sai ki rage, ki rufe, ki bar shi yana ɗan motsi a hankali, ƙwal nan ƙwal can. Mu da muka tashi da murhu, naman da za a ci da dare da azahar ake ɗora shi, a janye icce a bar garwashi ya yi aikin. Sai kuma ruwan da kika cika. Nama yana da ruwan jikinshi. Ki fara ɗora shi da albasa da gishiri kaɗan ba ruwa, ki rufe, za ki ga ya fito da nashi. In wannan ya kusa tsotsewa sannan ki ƙara, kuma ruwan zafi, ba na randa ba. Ruwan randa a watan nan kamar ƙanƙara yake, kina zubawa kin mayar da girkin baya.

Maman Ilham, Filin Samji:
Allah ya ba shi lafiya. Ni dai 'yar kanwa nike jefawa, kamar ƙwayar wake, minti arba'in ya yi lugub.

Ummu Hanifa, Sabuwar Unguwa:
Hajiya ta faɗi gaskiya kan wuta, amma ni ina ganin tun daga teburin mahauci aka yi kuskuren. Ni ɗiyar rundawa ce, mahaifina da kakana duk fawa suka yi, cikin nama na buɗe ido. Yaya Maman Sadik, tsokar nan ja da kika yi murna da ita, ta cinya ce, kuma ba naman romo ba ce. Wannan ta kilishi ce da tsire da dambun nama. Ba ta da jijiya ba ta da kitse, to in ta daɗe bisa wuta ruwanta kawai take zubarwa ta bushe, ko da tana cikin ruwa tsundum. Shi ne zare-zaren da kika gani. Ko da kin bi duk abin da Hajiya ta ce, za ta yi dama-dama ne kawai, ba za ta ba ki romon da kike nema ba.

Naman romo shi ne wanda mata da yawa ke turewa gefe in an ɗora masu bisa sikeli. Ƙwauri na farko, wanda in an sara za ki ga jijiya fara-fara ta ratsa cikin tsokar, ga ƙashi mai ɓargo a tsakiya. Sai ƙirji, sai awaza, sai wuya. In kin samu bindi kin gama. Tozo kaɗan ake sawa don maiƙo, yanka biyu ko uku sun isa tukunya, in ya yi yawa yana gundura. Waɗannan wuraren su ne dabbar ke aiki da su kullum, shi ya sa jijiya da tantani suka yi masu yawa. Ɗanyensu tauri gare shi, amma in suka samu wuta marar ƙarfi awa biyu da rabi zuwa uku, jijiyar narkewa take ta shiga cikin ruwan. Ita ce ke ba romo jiki. Kin san yadda in kin sha farfesun ƙafar sa leɓenki ke ɗan mannewa? Ko in ya kwana ya huce ki tarar ya kama jikinshi yana rawa cikin kwano? To aikin jijiya ne, ba wani kayan ƙamshi da zai yi maki wannan.

Ki ce ma maigidan ranar Asabar ya je da sassafe, lokacin da aka kawo nama daga kwata, kafin masu abincin sayarwa su kwashe. Ya ce a haɗa mashi ƙwauri da ƙirji da awaza, a sara mashi ƙashin gida-gida. Kuma ya duba kitsen. In fari ne, naman ja mai haske, ƙaramin sa ne, zai nuna da wuri. In kitsen ya yi rawaya, naman ja mai duhu, tsohuwar saniya ce, ta fi ɗanɗano amma ki ƙara mata awa guda. Shanunmu da ƙafarsu suka yi kiwo, wasu ma daga Nijar aka koro su suka shigo ta Mai'aduwa ko Jibiya, ba irin na turke ba ne da ke kwance yana cin dusa da ƙaiƙayi.

Maman Sadik, Ƙofar Marusa:
Ikon Allah. Wallahi ni ce ma nike ce mashi kullum ya daina yarda ana haɗa mashi da ƙashi, ina ganin cutarmu ake. Na gode ƙanwata.

Ummu Hanifa, Sabuwar Unguwa:
In miyar taushe ko jar miya za ki yi kina son tsoka a saman tuwo, kina da gaskiya. Na romo ne dai ba a raba shi da ƙashi. Kashi ɗaya cikin uku ƙashi, biyu nama, haka Baba ke haɗa ma masu farfesu. Kuma kada ki yanka ƙanana. Kamar girman ƙwan kaza, don zai ja jikinshi.

Anti Bilki, Layout:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in kawo yadda nike yi, don ina girkin biki da suna, kuma a hunturu wannan ne aka fi nema wurina. Na yarda da Ummu Hanifa kan ƙwauri da ƙirji ɗari bisa ɗari. Inda na bambanta da Hajiya shi ne farkon girkin. Ni soya naman nike fara yi.

In kin wanke, ki zuba a kwando ya tsane sosai, har ki goge da tsumma mai tsabta in da hali, don jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa, dahuwa yake. Ki sa man gyaɗa ludayi ɗaya a tukunya mai kaurin gindi, irin ta dalma, ya yi zafi. Ki jera naman kaɗan-kaɗan, kada ki juye duka, kada kuma ki yi ta juyawa. Ki bar kowane gefe ya yi ja ya ɗan kama. In kin kwashe za ki ga gindin tukunyar ya yi wani ja-ja mai duhu. Kada ki wanke, kada ki canza tukunya, daɗin yana nan. Ki zuba albasa manya guda uku yankakku a kai, ruwan albasar zai ɗago shi. In ta yi laushi ta fara ja, ki sa tafarnuwa da citta dakakku, sai jajjagen tattasai huɗu da attarugu gwargwadon bakin gidanki da tumatir uku. Yanzu kayan lambu na rani sun fara shigowa daga Ajiwa da Danja, tumatirin yana da nama, ba ruwa ba ne zalla. Ki soya har tsamin ya tafi, ki mayar da naman, ki zuba ruwan zafi daidai kan naman kawai, ki rufe, ki rage wuta. Bayan awa biyu ki sa dankalin turawa da karas manya-manya, su yi kamar rabin awa. In kina son ya ƙara kauri ki murƙushe dankali biyu a jikin tukunyar da bayan ludayi. Ki gwada, surukarki za ta tambaye ki wa ya koya maki.

Gwaggo Hajara, Daura:
Assalamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Bilki, abin da kika kwatanta abinci ne mai kyau, ban raina shi ba, amma ba farfesu ba ne. Yarinyar nan romo mijinta ya ce, na mai mura. Da kin soya mai, kin sa tumatir, kin sa dankali da karas, kin tashi daga romo kin koma miya. Mai mura ba ya son maiƙon soyayyen mai, maƙogwaronsa zai ƙara kamawa. Farfesu ruwansa a sake yake amma da nauyi, ka kafa kai ka kurɓa, ka ji gumi ya tsattsafo maka a goshi ko da ana busa sanyin da ya fi na yau.

Kuma duk cikinku ba wadda ta ambaci daddawa. Yaya za a yi romon sa ba daddawa? Mu a gidanmu, kusa da Kusugu, tun ina yarinya haka ake yi: a daka daddawar kalwa ƙwaya biyu da busasshiyar citta da masoro da kanumfari da barkono a turmi, su yi laushi, a zuba tun nama yana cikin ruwan jikinsa, su dahu tare. Kimba a fasa ta a jefa guda, in za a sauke a tsame. Gyaɗar miya a gasa ta a garwashi tukuna, a ɓare, a daka. Albasa kuwa da yawa, ita ce ke narkewa ta ɗaure romon. Ba mu san magi ba sai da muka girma, kuma ba wanda ya taɓa barin kwano.

Anti Bilki, Layout:
Gwaggo ina wuni, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ban musa maki ba, farfesun asali shi ne wanda kika faɗa. Amma ki duba gidan Maman Sadik: ga yara, ga maigida, ga baƙuwa, ga nama kilo ɗaya da rabi wanda kashi ɗaya cikin uku ƙashi ne. In aka yi romo zalla, kowa yanka biyu zai samu, yara su kwana suna neman wani abu. Dankalin nan da karas su ke sa tukunya ta zama abincin dare sosai. Yadda nama ya yi tsada yanzu, ni ban ga laifin a faɗaɗa shi ba. Batun maiƙo kuma, ludayi ɗaya na ce, kuma in ya taso sama ana iya kwashewa.

Gwaggo Hajara, Daura:
To in faɗaɗawa ake so, ina kabewa? Ga ta nan jibge a kasuwa tun kaka, ba ta kai dankalin Jos tsada ba. A yanka ta manya a jefa a awa ta ƙarshe, rabi ya narke ya ba romo kauri, rabi ya tsaya a ci. Ko a tuƙa tuwon shinkafa mai laushi a zuba romon a kai. Ba sai an canza wa abu kama ba kafin ya ƙosar.

Maman Ilham, Filin Samji:
Ni fa ba wadda ta tanka mani kan kanwa. Awa uku bisa gas, wa zai iya? Mu da muke auna gas da kilo.

Ummu Hanifa, Sabuwar Unguwa:
Maman Ilham, kanwa tana sa laushi, ba ƙarya kika yi ba. Amma laushin daban ne. Bayan naman take ci ya yi saɓul-saɓul, romon ya yi duhu, kuma akwai wani ɗanɗano kamar na sabulu da ke biyo baya a harshe, in ta ɗan yi yawa ma ta ɓata ciki. A wake ko ganda na yarda. A ƙwauri kuwa asara ce, don abin da kike so shi ne jijiyar ta narke da kanta ta shiga ruwa. In sauri ake yi, gara tukunyar presha ga mai ita, minti arba'in zuwa hamsin ta gama da ƙwauri, sai a buɗe a ƙarasa a hankali da kayan ƙamshi. Wasu kuma suna jefa yankin ɗanyen gwanda, shi ma yana sa laushi kuma bai ɓata ɗanɗano kamar kanwa.

Zainab, Ƙofar Ƙaura:
Anti ni kuma wata maƙwabciyarmu ta ce in nama ya ƙi nuna a jefa ƙwayar farasitamol biyu, wai haka wasu masu abincin sayarwa ke yi. Gaskiya ne?

Sista Rabi, Rahamawa:
Zainab, don girman Allah kada ki yi, kuma ki koma ki faɗa ma maƙwabciyar taku ta daina. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Magani ba kayan miya ba ne. Farasitamol da kike gani, in ya wuce ƙima hanta yake lalatawa, kuma ba a yi shi don a tafasa shi cikin tukunya ba. Kin zuba a abinci, ba ki san nawa yaro ɗan shekara biyu ya sha ba, ba ki san ko wani a gidan ya riga ya sha nashi na zazzaɓi ba. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha yin gargaɗi kan wannan ɗabi'ar. Nama dai in an ba shi lokaci zai nuna.

Maman Sadik, game da maigidan: romo mai zafi da citta yana buɗe hanci, yana sa a ji daɗin maƙogwaro, yana mayar da ruwan jiki, duk alheri ne. Amma in akwai zazzaɓi da ya wuce kwana biyu zuwa uku, ko numfashi na yi mashi wuya, ya je a duba shi. Ƙurar hunturu tana tayar da asma da ciwon ƙirji, kada a tsaya ga romo kawai.

Hajiya Indo, Rafindaɗi:
Allah ya yi maki albarka Rabi. Wannan abu har ya shigo gidaje? Allah ya kyauta.

Kan maganar Bilki da Yaya Hajara, ni na ci duka biyun. Abin da zan ce, suyar da Bilki ke yi tana da amfani, don naman da ya ɗan kama wuta ƙamshinshi daban ne. Amma ko a hanyarmu ta da akwai wannan, ba mu dai kira shi suya ba. In ka bar nama ya tsotse ruwan jikinshi, kitsen da ke jikin ƙirjin zai fito, za ka ji tukunya ta canza kuka, ta tashi daga ɓararraka ta koma cuwa-cuwa. To a nan ake ɗan juya shi cikin man kanshi har ya yi ja, sannan a tsayar da ruwa. Ba a ƙara wani mai ba, kuma an samu ƙamshin. Tumatir ne dai ni ma ba na sawa a na mai mura.

Anti Bilki, Layout:
Wannan kam Hajiya na karɓa, in naman yana da kitse. Amma tumatir uku ba ya mayar da romo miya, launi kawai yake ba shi. Tattasai fa, Gwaggo, shi ma haramun ne?

Gwaggo Hajara, Daura:
Tattasai ɗaya ko biyu ba laifi, ba shi da tsami. Tumatir ne ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Maman Sadik, Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa a takarda. Maganar Maman Ilham ta gas gaskiya ce, ni ma ba zan iya awa uku ba. Na yanke shawara gawayi zan sa. Ina da kurfoti, sai in shigo da shi ɗaki tunda iska ta yi yawa a tsakar gida, ga shi ɗakin zai yi ɗumi ma yara su ji daɗi.

Sista Rabi, Rahamawa:
A'a Yaya, wannan kuma kada ki soma. Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ba hayaƙin da ido ke gani ba ne. A ɗakin da aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi, taruwa take. Farko ciwon kai da jiri da kasala, mutum ya ɗauka barci ne ke ɗibarshi, yara kuma su suka fi saurin faɗuwa. Duk hunturu sai an kawo mamu irin wannan. Akwai daren da aka kawo uwa da 'ya'yanta biyu, garwashi suka shiga da shi ɗaki don jin ɗumi suka rufe ƙofa. Allah ya sa maƙwabciya ta leƙa da wuri, suka farfaɗo, amma ƙaramin ya kwana biyu a gadon asibiti. Ban manta fuskar uwar nan ba. Ki girka a waje ko a madafa mai buɗaɗɗiyar taga. In iska ce matsalar, ki kare kurfotin da tsohon kwano ko ki jingina shi a lungun katanga.

Hajiya Indo, Rafindaɗi:
Ki ji maganar Rabi. Ki sa kurfotin a kusurwar da katanga ta tare iskar gabas, don ta nan hunturu ke bugowa. Kuma gawayi ya fi gas dacewa da wannan girkin. In ya kama ya yi ja, ki barbaɗa toka a kai kaɗan, wutar za ta kwanta ta daɗe. In murfin tukunyarki ba ya zama daidai, ki ɗora dutse ko taɓarya a kai. Kada ki yi ta buɗewa kina leƙe, duk buɗewa ɗaya a sanyin nan kin zubar da zafi. Ki ajiye butar ruwan zafi kusa, in ya nemi ƙari ki zuba kaɗan.

Zainab, Ƙofar Ƙaura:
Na gode Sista, zan faɗa mata. Gishiri fa, da farko ko da ƙarshe? An ce yana sa nama tauri.

Ummu Hanifa, Sabuwar Unguwa:
Kaɗan da farko don ya shiga cikin naman, saura a ƙarshe. Ba tauri yake sawa ba, matsalar ita ce ruwa yana raguwa gishiri ba ya raguwa. In kin daidaita shi tun farko, bayan awa uku ya yi yawa. Haka magi.

Maman Ilham, Filin Samji:
To ni ma zan gwada na gawayin ranar da ba ni da aiki. Amma da mi za a ci? Ni gurasa nike so, a yayyaga a cikin romon.

Anti Bilki, Layout:
Masa ko sinasir in baƙuwa ce babba. Surukai sun fi ganin girman masa.

Gwaggo Hajara, Daura:
Tsohuwa ce, haƙora sun yi rauni. A yi mata tuwon shinkafa mai laushi, ko alkubus.

Maman Sadik, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Yau Asabar maigidan ya fita bayan asuba, ya dawo da ƙwauri da ƙirji da awaza kaɗan, mahaucin ma har ya tambaye shi wa ya ba shi wannan haɗin. Kitsen fari ne. Ƙarfe ɗaya na hura gawayi a lungun bayan madafa, na kare da kwano. Na bi hanyar Hajiya: albasa uku, gishiri kaɗan, ba ruwa. Na tsaya kusa ina saurare, kuma wallahi na ji lokacin da kukan tukunyar ya canza, yadda ta faɗa. Na juya shi cikin kitsenshi har ya yi ja, na zuba dakan Gwaggo, daddawa da citta da masoro da kanumfari biyar da gasasshiyar gyaɗar miya, na sa tattasai biyu da attarugu uku, na tsayar da ruwan zafi daidai kan naman, na barbaɗa toka, na ɗora dutse bisa murfi. Sau biyu kawai na buɗe.

Wajen ƙarfe huɗu na soka cokali a ƙwaurin, ya shige ba tare da na danna ba, naman ya saki ƙashi da kanshi. Sai na raba tukunyar biyu. Na ɗebi romo zalla da nama na ajiye ma maigidan da surukata Inna, sauran na sa dankali da karas na Anti Bilki saboda yara, tumatir dai ban sa ba. Na yi ma Inna tuwon shinkafa. Ta ci, ta ɗauki ƙashin ta buga a gefen kwano ɓargon ya faɗo, ta raba ma Sadik da ƙanwarshi a tafin hannu. Maigidan ya nemi ƙari, har ya cire hular sanyi.

Abu ɗaya ne bai yi mani ba. Akwai ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe, ba mai yawa ba, Inna ba ta ce komai ba amma ni na ji. Kimba uku na sa, kuma na daka su tare da sauran. Ko ita ce?

Gwaggo Hajara, Daura:
Ita ce. Na ce a fasa a jefa guda, a tsame in za a sauke. 'Ya'yan cikinta ne ke da ɗaci, in kin daka kin sake su. Ɗaya ta ishe wannan tukunyar. Allah ya yi miki albarka, ki gaishe da surukar taki.

Anti Bilki, Layout:
Ma sha Allah. Yaran sun cinye dankalin?

Maman Sadik, Ƙofar Marusa:
Tas, Anti, har da suɗe kwano. Romon Inna ne ya rage kamar kofi uku da nama yanka huɗu, ga shi ba mu da wuta tun jiya, firij ba sanyi.

Sista Rabi, Rahamawa:
Ki mayar da shi wuta yanzu ya tafasa sosai, ki rufe, kada a ƙara sa cokali ko hannu a ciki. Da asuba ki sake tafasa shi kafin kowa ya sha. Sanyin gari yana taimakawa amma kada ki dogara da shi, kuma kada ya wuce karin safe.

Ummu Hanifa, Sabuwar Unguwa:
Da safe kafin ki ɗora, ki buɗe ki duba. Za ki tarar kitsen ya daskare a sama fari, ki kwashe shi da cokali ki ajiye, ki soya albasa da shi in za ki yi dafa-duka. A ƙasa kuma ki ga ko romon ya kama jikinshi yana rawa. In ya yi, ki ɗauko mamu hoto.